Daga Ajin Yamma Zuwa Ƙasa Baki Ɗaya: Labarin Ƙungiyar Yoga ta Tsakiyar Ingila

A shekarar 1961 wani ɗan jarida Bature mai suna Wilfred Clark ya tsaya gaban 'yan wata ƙungiyar ilimantar da ma'aikata a tsakiyar Ingila, ya yi musu lacca a kan yoga. A lokacin ya haura shekara 60, kuma abin da ya zo da shi baƙo ne ga yawancin masu saurarensa. Sai ga shi sun karɓi maganar hannu bibbiyu. Ganin haka bai bari ta tsaya a lacca ba, ya tunkari hukumar ilimi ta Birmingham da shawarar a sa yoga cikin darussan yamma da take shirya wa manya. Daga nan ya kafa kulob na masu yoga a birnin, kulob ya faɗaɗa ya zama ƙungiyar yankin Midlands, wato tsakiyar Ingila, sannan a 1965 ƙungiyar yankin ta haifi ta ƙasa baki ɗaya, wadda a yau ake kira British Wheel of Yoga. Duk wannan cikin shekara huɗu.

Bahaushen da ya tashi da kallon finafinan Indiya, in aka ambaci yoga, abin da zai faɗo masa a rai shi ne tsoho mai dogon gemu ya tanƙwashe ƙafa a gindin dutse, ido a rufe. Waɗanda suka yaɗa ta a Ingila ba su yi kama da wannan tsoho ko kaɗan ba. Ɗan jarida ne, da ma'aikatan hukuma masu tsara jadawalin aji, da dubban matan aure da ke neman sa'a biyu a mako wadda za su ce tasu ce su kaɗai.

Asalin yoga dai Indiya ne, kuma ta daɗe ƙwarai. Tsofaffin littattafanta sun fi ba da ƙarfi ga horar da zuciya da tsayar da tunani wuri ɗaya. Littafin Patanjali, wanda ake ɗauka a matsayin ginshiƙi, gajerun jumloli ne kusan 196, kuma uku kacal daga cikinsu suka taɓo yadda mutum zai zauna. Wani littafin na ƙarni na 15, Hatha Yoga Pradipika, siffofin jiki 15 kawai ya bayyana. Yawan lanƙwashe-lanƙwashe da miƙe-miƙen da ake gani a hotuna yanzu sun bunƙasa ne a ƙarni na 20, a hannun malamai irin su Krishnamacharya, wanda ya koyar a fadar Sarkin Mysore cikin shekarun 1930, lokacin da matasan Indiya suka dukufa ga gina jiki da wasannin ƙarfi. Saboda haka abin da ya iso Birmingham haɗin gambiza ne: motsa jiki, da sarrafa numfashi, da kwanciya shiru a saki gaɓoɓi, da ɗan abin da malami ya ga dama ya ƙara na falsafa.

Abin da ya sa shawarar Clark ta yi saurin kama ƙasa shi ne tsarin da ya tarar. Dokar ilimi ta 1944 ta ɗora wa hukumomin ilimi na yankuna nauyin samar wa manya darussa. Abin ya yi kama da azuzuwan yaƙi da jahilci da aka sani a Arewa, sai dai a can ba karatu da rubutu kaɗai ake koya ba. Akwai ɗinki, akwai girki, akwai kafinta da Faransanci da gyaran mota. Da yara sun tashi daga makaranta sai a share zauren taro, manya su shigo da yamma, kuɗin rajista kuma kaɗan ne domin hukuma ce ke ɗaukar kaso mafi tsoka. Yoga ta samu gurbi a wannan jadawalin, tsakanin ɗinki da girki, kuma wannan ne ya cire mata rigar baƙunta. Matar da maigidanta zai haɗe rai in ta ce za ta wurin wani malamin Indiya, ba mai ce mata uffan in ta ce za ta ajin yamma a makarantar unguwa.

Cikin malaman farko a Birmingham babu wadda ta yi tashe kamar Yogini Sunita. An haife ta a Bombay a 1932, sunanta na takarda Bernadette Cabral, ta kuma zo Ingila da iyalinta wajen 1960. Takan shiga aji sanye da sari, ta zauna a ƙasa, ta yi magana a natse, kuma abin da ta fi nacewa a kai shi ne yadda mutum zai kwanta ya saki jiki ya sauke damuwar yini. Ga matan da ba su taɓa jin wani ya ce musu hutu ma abin koyo ne ba, wannan sabon abu ne. Zuwa 1965 ɗalibanta a cibiyar wasanni ta Birmingham sun kai 780, ta kuma horar da wasu daga cikinsu su ma su koyar. Ba ta yi tsawon rai ba. Mota ta kaɗe ta a 1970, ta rasu tana da shekara 38.

Shi kuwa Clark, makaminsa tafireta da kan sarki. Da yake ya san jaridun garuruwa ciki da waje, sai ya riƙa aika musu wasiƙu yana neman duk mai sha'awar yoga ya rubuto masa. In mutum ya rubuto daga wani gari, sai ya haɗa shi da wani da ya rubuto daga garin, su biyu su nemi na uku. Ya riƙa buga 'yar takardar labarai yana rarrabawa ta gidan waya. Aiki ne na haƙuri wanda ba ya kawo suna balle kuɗi, amma a kansa aka gina komai. Ya kuma kafe a kan wata manufa da ta bambanta ƙungiyarsa da sauran, wato ba za ta zama ta almajiran malami ɗaya ba. A Indiya al'adar ita ce ɗalibi ya kama malami guda, ya zauna a gabansa shekara da shekaru har malamin ya ba shi izinin koyarwa. Clark ya so inuwa ɗaya wadda kowace makaranta za ta iya raɓawa. Wannan ya ba ƙungiyar faɗi, ya kuma jawo mata gorin da har yanzu wasu ke yi mata, cewa ta ɗebo nan ta ɗebo can, ba ta da silsila.

A Landan abin ya bi wata hanya dabam. Can sunan da ya yi fice shi ne B.K.S. Iyengar, malami daga birnin Pune, ɗalibin Krishnamacharya kuma ƙanin matarsa. Shahararren makaɗin gogen Turawa Yehudi Menuhin ne ya haɗu da shi a Indiya a 1952, ya ji daɗin koyarwarsa, ya gayyato shi Turai. A 1966 Iyengar ya fitar da littafinsa Light on Yoga, mai siffofin jiki kusan 200 da hotuna wajen 600. A 1969 hukumar ilimi ta tsakiyar Landan ta amince a koyar da yoga a azuzuwanta, amma da sharaɗi biyu: a tsaya ga motsa jiki ban da wa'azi, kuma malaman su kasance waɗanda Iyengar ya sa wa hannu. Ke nan tun da wuri gida ya rabu biyu. Ga na Landan mai malami ɗaya da tsari ɗaya mai tsauri, ga na Birmingham mai ƙofa a buɗe, wanda kuma bai yarda a zare falsafa daga cikin darasi ba.

Sai talabijin ta shigo. A 1971 tashar ITV ta fara nuna shirin Yoga for Health na wani Ba'amurke, Richard Hittleman, mutane suka riƙa ture kujerun falo suna kwaikwayo. Masaniyar tarihi Suzanne Newcombe, wadda ta rubuta littafi a kan yoga a Birtaniya a 2019, ta ƙiyasta cewa masu yin ta sun tashi daga kusan 5,000 a 1967 zuwa 50,000 a 1973, sannan 100,000 a 1979. Mafi yawansu mata ne, haka ma malaman. Abin lura ne wannan, domin a Indiya tsawon ƙarnuka harkar kusan ta maza ce zalla.

Cikar aji ta zo da tata matsalar. Shugaban makarantar da ke neman malamin yoga ba shi da ma'aunin da zai gane gwani daga ɗan koyo. Wanda ya karanta littafi ɗaya ya kalli shiri biyu a talabijin zai iya zuwa ya ce shi malami ne, a ba shi zaure da mutum 30. Kuma abin ba wasa ba ne. A cikin siffofin akwai tsayuwa a kan kai, ƙafafu a sama, akwai tsayuwa a kan kafaɗa inda nauyin jiki ke komawa kusa da wuya. Mai hawan jini, ko mai hawan jinin ido, ko mai lalurar wuya, ko mai juna biyu, in aka sa shi irin wannan ba tare da an tambayi lafiyarsa ba, ana iya jawo masa abin da bai zo da shi ba. A nan ne ƙungiyar ta gano ainihin aikinta. Daga farkon shekarun 1970 ta fara horar da malamai tana ba su takardar shaida, kuma tun daga lokacin wannan ne babban abin da ta sa a gaba.

A yau mai son zama malami a ƙarƙashinta yakan fara da shekaru na zuwa aji a matsayin ɗalibi. Akwai kwas na share fage na sa'a 60, sannan babban kwas na difloma mai sa'a 500 wanda ke ɗaukar shekara biyu ko fiye, ana yi ana komawa gida ana gwadawa. Ana koyon ilimin sassan jiki, da yadda gaɓa ke juyawa da inda ya kamata ta tsaya. Ana koyon taimakon gaggawa, da tsara darasi, da karatun tsofaffin littattafan Indiya. Kafin a ba mutum takarda sai wani gogagge ya zo ajinsa ya zauna a gefe da biro da takarda, ya ga ko yana tambayar sababbin zuwa lafiyarsu, ko idonsa na kan wadda ke bayan aji tana cije leɓe, ko yana da wata siffa mai sauƙi da zai ba wanda gwiwarsa ta ƙi lanƙwasuwa. Takardar tana ƙarƙashin hukumar da ke kula da ingancin jarrabawa a Ingila, a matakin da ya yi daidai da shekarar farko ta jami'a. Bayan an gama ma ba a gama ba, domin dole malami ya riƙa zuwa ƙaro ilimi, ya kuma riƙe inshora saboda ko wani zai ji rauni a ajinsa. A kwatanta wannan da kwasa-kwasan sa'a 200 da ake kammalawa cikin wata guda a wuraren yawon buɗe ido na Goa ko Bali, sai a gane abin da ƙungiyar ke tinƙaho da shi, da kuma abin da ke ci mata tuwo a ƙwarya.

Duk da ta zama ta ƙasa, ba ta bar ɗabi'arta ta ƙungiyar yanki ba. Ta shafe shekaru da dama ofishinta ba a Landan yake ba, yana Sleaford, wani ƙaramin gari a gundumar Lincolnshire. An raba ƙasar shiyya-shiyya, kowace da kwamitinta na 'yan sa-kai, su ne ke neman zaure, su gayyato malami, su karɓi kuɗin shiga, su dafa shayi. Akwai taron shekara, akwai mujalla mai suna Spectrum da ake aika wa mambobi. Yawancin azuzuwan kuma har gobe a zauren ƙauye ko na coci ko na makaranta ake yin su, ba a manyan wuraren motsa jiki masu madubi bango-bango ba.

Wanda ke son ganin inda ƙungiyar ta fi amfani sai ya leƙa ajin tsofaffi, wanda take kira Gentle Years Yoga. Ba a shimfiɗa tabarma a nan. Kujeru ne a jere, a kansu dattawa, wani da sandarsa jingine a gefe, wata da na'urar ji a kunne. Malama za ta ce kowa ya matso bakin kujera ya dasa tafin ƙafa a ƙasa. A ɗaga kafaɗa a sauke. A juya wuyan hannu, a buɗe yatsu a dunƙule. A shaƙi iska ana ɗaga hannu, a fitar ana saukewa. Mai iya tashi ya tashi ya dafa bayan kujera, ya ɗaga ƙafa ɗaya na ɗan lokaci, domin irin wannan tsayuwar ce ke taimaka wa tsoho kada ya faɗi a banɗaki ya karya ƙugu. In an gama a rufe ido a huta, sannan a zauna a sha shayi a yi hira. Ga wanda ke zaune shi kaɗai a gida, ya yini bai ji muryar kowa ba sai ta rediyo, wannan hirar ba ƙaramin abu ba ce.

To shin yoga tana magani? A nan ƙungiyar ta yi abin da ya kamata a yaba mata, ta miƙa kayanta a gwada. A 2011 masu bincike na Jami'ar York suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi da mutum 313 masu fama da ciwon baya mai naci. An raba su gida biyu, rabi suka ci gaba da kulawar likita yadda aka saba, rabi aka ƙara musu ajin yoga na mako 12, kuma malaman sun fito ne daga gidajen nan biyu, na Clark da na Iyengar. Waɗanda suka yi yoga sun fi iya gudanar da harkokinsu na yau da kullum, kuma bambancin ya ɗore har shekara guda, amma a zafin ciwon kansa ba a ga wani babban bambanci ba. Daga baya jami'o'in Northumbria da York suka gwada ajin tsofaffin da mutum 454 'yan shekara 65 zuwa sama, kowannensu da cuta mai naci biyu ko fiye. Sakamakon bai zo yadda masu shirin suka so ba. Ajin bai cutar ba, mahalarta da yawa sun ji daɗinsa, amma a ma'aunin ingancin rayuwa da aka yi amfani da shi ba su zarce waɗanda ba su shiga ba. Wannan ya isa ya sa mutum ya yi hattara da duk mai tallan cewa yoga na warkar da ciwon suga ko daji. Abin da gwaji ya tabbatar ya fi haka ƙanƙanta, ko da yake mai ciwon bayan da ya dawo yana iya sunkuyawa ya ɗaura takalmi ba zai raina shi ba.

Akwai tambayar da ba ta taɓa barin ƙungiyar ta huta ba, kuma ita ce za ta fara zuwa bakin mai karatu Musulmi ko Kirista: motsa jiki ne ko bauta? A 2012 wani limamin Katolika a Southampton ya hana a yi ajin yoga a zauren cocinsa, yana ganin al'adar addinin Hindu ce, kuma ba shi ne na farko ba. A ƙasashen Musulmi an sha tafka muhawarar. Majalisar fatawa ta Malesiya ta haramta wa Musulmi yoga a 2008. A 2009 majalisar malaman Indunusiya ta bambance, ta hana wadda ke ɗauke da rera kalmomin ibadar Hindu, ta ƙyale wadda motsa jiki ce zalla. Saudiyya kuwa ta amince da ita a matsayin wasan motsa jiki a 2017. Ko a Indiya, da aka zo bikin Ranar Yoga ta Duniya na farko a 21 ga Yuni 2015, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware, kuma ofishin jakadancin Indiya a Abuja ke raya ta, sai da gwamnati ta cire jerin motsin da ake kira gaisuwar rana daga tsarin bikin, bayan ƙungiyoyin Musulmi sun nuna rashin yarda.

A Birmingham ɗin da aka faro komai, kusan kashi 30 cikin 100 na mazauna Musulmi ne bisa ƙidayar 2021, saboda haka tambayar ba ta nesa ba ce. A aikace aji ya bambanta da aji. A wani za a ji ana rera kalmar Om, ana haɗa tafin hannu a ƙirji. A wani kuwa, musamman na mata zalla a unguwannin Musulmi, babu ko ɗaya, miƙe jiki ne da numfashi. Hukunci na malaman addini ne, amma sanin abin da ake yi a cikin ajin kafin a shiga, wannan haƙƙin ɗalibi ne, kuma malamin kirki ba ya jin haushin a tambaye shi.

Abin mamaki, suka mafi zafi da ƙungiyar ta sha ba daga limamai ta fito ba, daga 'yan uwanta masu yoga ta fito. A 1995 hukumar wasanni ta ƙasa ta amince da ita a matsayin uwar ƙungiya mai kula da yoga. Sauran makarantu suka ce ba da yawunsu ba. Almajiran Iyengar suna da nasu tsarin horarwa da jarrabawa, ba su ga dalilin da wani zai zama shugabansu ba, wasu kuma suka ce tun farko kuskure ne a lissafa yoga cikin wasanni. A 2004 wasu malamai suka kafa Independent Yoga Network don kare 'yancin kowace makaranta ta horar yadda ta gada. Rigimar ta sake tashi a 2016, lokacin da wata hukumar tsara ƙa'idojin sana'o'i mai suna SkillsActive ta fara rubuta mafi ƙarancin abin da ya kamata malamin yoga ya sani, da tallafin kuɗi daga British Wheel. Masu goyon baya suka ce kare lafiyar jama'a ne. Masu adawa, har da wasu ƙungiyoyin mabiya Hindu a Birtaniya, suka ce ba hurumin ma'aikatan ofis ba ne su yanka wa gadon wata al'umma ƙa'ida, wasu kuma suka zargi ƙungiyar da neman mamaye kasuwa.

Kowane ɓangare yana da abin kamawa. Gaskiya ne ba a auna natsuwar zuciya da sa'o'in kwas, kuma akwai tsofaffin malamai masu zurfi da ba su taɓa riƙe takarda ba. Amma dattijuwar da ta shiga zauren ƙauye da gwiwa mai ciwo ba ta da hanyar gane zurfin malami, abin da za ta iya tambaya shi ne wa ya horar da shi, kuma shekara nawa. Har yanzu babu dokar da ta wajabta wa mai koyar da yoga a Birtaniya mallakar kowace irin shaida. Ƙungiyoyi da dama ne ke riƙe da rajistar malamai, kowace da nata ma'auni, kuma a mafi yawan lokuta wanda ke tantance malami shi ne mai kula da zauren da za a ba shi haya, in ya nemi ganin takardar horo da ta inshora kafin ya miƙa mabuɗi.